Na Je Yamai Cire Ƙugiya

Tun da na dawo daga Yamai ban huta da tambaya ba. A masallacin unguwa, a wurin mai shayi, har a gidan suna, sai wani ya jawo ni gefe ya ce, "Auwalu, wai me ya kai ka Nijar ana tsakiyar fari, ga sojoji sun karɓi mulki?" Wasu sun ce neman aure na je, wani ma ya rantse da Allah fataucin kilishi na fara. To ga labarin sau ɗaya, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta da kansa.

Isufu ne ya kira ni. Badamagare ne, tare muka yi karatun kwamfuta a Kano, ɗakinmu ɗaya, kuma kun san wasan da ke tsakanin Bakano da Badamagare: tun da muka haɗu bai taɓa kirana da sunana ba, sai "bawana". Bayan karatu ya koma ƙasarsu ya zauna a Yamai, ya auri wata Bazabarma mai suna Hadiza, su biyun suna aiki a wata ƙaramar ƙungiya mai raba hatsi a ƙauyuka. Isufu yana da kai, wannan ba zan hana shi ba ko da yake Badamagare ne. Shi kaɗai ya ƙirƙiro wani ɗan yaren kwamfuta da kalmomin Hausa, su "idan" da "maimaita" da "dawo da", ya kuma rubuta masa tafinta, wato manhajar da ke karanta abin da aka rubuta a yaren layi bayan layi tana aikatawa. Ita kuwa Hadiza watanni ta yi tana bin ƙauyuka cikin rana, ta dawo ta rubuta ƙa'idodin rabon a cikin yaren mijinta: me za a ba gidan da ke da mai shayarwa, me za a ba makiyayin da dabbobinsa suka ƙare, me za a ba gidan da mazansa suka tafi ci-rani.

"Bawana, ka taho maza," in ji shi a waya. "Kuran na kashe mu." Kuran ita ce wutar lantarki a bakinsu. Lissafin rabon yakan ɗauki sa'o'i a tsohuwar kwamfutar ofis, kuma kafin ya kai ƙarshe an ɗauke wuta, sai a koma farko. Shugabarsu, wadda kowa ke kira Madam, ta gaji. Ta ce in ranar Alhamis ta zo babu sakamako, za a ajiye aikin Hadiza a gefe, a raba buhu daidai wa daida kamar yadda aka saba, ƙauyen da ya samu ɗan gero da wanda bai samu ko zangarniya ba, sannan a nemo wani a kujerarta.

Na ce, "To laifin na wane ne?"

Ya rage murya. "Na auna. Na Hadiza ne."

Washegari na hau mota zuwa Katsina, daga nan Jibiya, sai ga mu a bakin iyaka. Na ji labarin sojoji iri-iri, har mahaifiyata ta sa an yi mini addu'a kamar mai tafiya yaƙi. Wani jandarma dogo ya karɓi takarduna, ya buɗe jakata, ya ga kwamfutar hannu, ya tambaye ni sana'ata. Da na faɗa, sai fuskarsa ta canza, ya ce in biyo shi cikin ɗaki. Na ce shi ke nan, ta faru. Muna shiga ya zaro wayarsa daga aljihu ya miƙo mini da hannu biyu: wai 'yarsa ta taɓa wani wuri, wayar ta koma yaren Sin, kwana da kwanaki ba ya iya karanta komai. Na mayar masa da ita Faransanci ina lalube, domin ni ma ba jin na Sin nake ba. Ya raka ni har mota yana sa mini albarka, fasinjoji suna kallona kamar wani babban jami'i da ya ɓad da kama.

A Maraɗi na kwana, a kan tabarma a harabar tasha, wadda su ke ce wa gar. An gaya mini babbar motar Yamai tana tashi da asuba, ni kuwa na ɗauka irin asubar tasharmu ce, wadda ake kaiwa hantsi ana jiran mutum ɗaya. Na yi salla, na zauna na sa a haɗa mini shayi. Ina cikin hurawa na ji ana kiran suna da lasifika, kamar a aji, kowa ya amsa ya hau. Aka kira nawa, aka sake kira. Na ruga da kofin mai shayi a hannuna, shi kuma ya biyo ni yana kiran kofinsa. Wata Hajiya Rabi, mai kai atamfa Babbar Kasuwar Yamai, ita ta matsa mini na zauna, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗan Najeriya ne ko? Na sani. Ku kaɗai ke shan shayi mota na tafiya."

Hanyar tana da tsawo, kuma shingen bincike ba ya ƙirguwa. A bakin kowane gari a tsaya, a karɓe katin kowa, a tafi da su, a dawo a kira suna a mayar. A fita daga garin a sake. Babu tsawa, babu zagi, sai dai ɓata lokaci cikin ladabi. Hajiya Rabi ta ciyar da ni dabino da gyaɗa da labarin surukanta har Birnin Ƙonni. Bayan nan ne raha ta ragu. Muka fara ganin shanu kwance a gefen hanya, wasu da rai wasu babu, da mata suna tsinkar anza a jeji, ɗan itacen nan mai ɗaci da ba a ci sai an rasa yadda za a yi. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma a nan na gane cewa abin da aka kira ni in gyara ba wasan yaran kwamfuta ba ne.

Gab da magariba muka shiga Yamai. Isufu na tsaye a tasha, ya rame ya yi baƙi, amma bakin nan na nan. "Bawana, ka yi ƙiba! Wa ya ba ka izini?" Muka rungume juna muna dariya har mutane suka tsaya kallo.

Gidansu a Bukoki yake, unguwa ce cunkus, lungu cikin lungu, kowa ya san abin da maƙwabcinsa ya dafa. Hadiza ta tarbe ni da "Fofo, fofo," wato sannu da Zabarmanci, ta kawo ruwan randa mai sanyi. Doguwa ce, mai fara'a, Hausarta ta kasuwa ce mai daɗin ji. Sai dai ban daɗe da zama ba na lura cewa an samu sabon aiki an ba ni a gidan. "Malam Auwalu, ka gaya wa abokinka abinci ya sauka." Abokin nawa kuwa yana zaune a kan tabarma ɗaya da ni. Shi ma ya ce, "Bawana, ka tambaye ta ina ta aje mini hula." Na zo gyaran tafinta, na zama tafinta tsakanin miji da mata.

Abincin dai ba a magana. Dambun zogale da ƙuli da ɗanyar albasa, na ci har na ji kunya, na kuma ƙara. Da safe aka kawo burodinsu, dogo siriri mai tauri, wanda in da a Kano ne sai a ce na jiya ne a mayar wa mai shago. Na nemi mai laushi, Isufu ya ce haƙoran Kanawa ne ba su da tarbiyya. Zafi kuwa, duk wanda ke kuka da bazarar Kano ya je ya gaida ta Yamai. Kowa a tsakar gida yake kwana.

Ɓarnata ta farko a ofis ita ce ta soket. Na zaro kwamfutata da isa, batirinta ya daɗe da mutuwa, na je in jona, ashe ramukan bangonsu biyu ne zagayayyu, nawa kuma ƙafa uku ne masu kusurwa. Muka ɗunguma zuwa Katako, kasuwar da ake sayar da komai daga katako zuwa tsohon ƙarfe zuwa gero. Wani mai kayan wuta ya juya filogina a hannu ya ce, "A'a, wannan ai Ingilishi ne." Ya tono mini mahaɗi daga ƙasan wani kwali, ya ƙara mini da nasiha cewa in rage tafiya cikin rana.

Yanzu bari in yi bayanin aikin, don waɗanda suka ce in an zo nan a tsallake musu. Duk manhaja an gina ta ne da ƙananan ayyuka masu suna, mu muna ce musu fankshin. Kana da wanda ke ƙirga mutanen gida, kana da wanda ke duba ko akwai jariri, in ana bukatar ɗaya sai a kira sunansa, ya yi aikinsa ya dawo da amsa. A lissafi irin na Hadiza ana irin wannan kira ba iyaka. To in manhaja tana nauyi, akwai abin da ake jonawa don a ga ina lokaci ke tafiya, shi ne ma'auni. Yadda Isufu ya yi nasa shi ne, ya sa ƙugiya a ƙofar kowane kira a cikin tafintan: za a shiga fankshin, ƙugiya ta riƙe, a duba agogo a rubuta, za a fita, ta sake riƙewa a rubuta. Kamar dai shingayen nan na hanya, a shiga gari a tsaya, a fita a tsaya. In an gama, ma'aunin ya tara ya ce wane ya ci kaza, wane ya ci kaza.

Isufu ya nuna mini abin da ma'aunin ya fitar. Sunayen ƙananan fankshin ɗin Hadiza ne jere a sama, su ne suka cinye lokaci. Ita haka take rubutu, kowace ƙa'ida da ɗan gidanta, tsaf-tsaf, yadda ko ma'aikacin ƙauye zai karanta ya gane. Shi kuma da ya ga haka sai ya bi ya rushe su, ya cura su wuri ɗaya suka zama wani ƙaton abu mai tsawon zani, don a rage yawan kira. Kuma lissafin ya ɗan yi sauri, abin da ya ƙara masa ƙarfin gwiwa ke nan. Sai dai bai yi saurin da zai tsere wa ɗauke wuta ba, ga shi a wajen curawar ya haɗa makiyaya da manoma a kwando ɗaya.

Ni ma da na duba, na gyaɗa kai irin na manya na ce, "Gaskiya amarya, ƙananan nan sun yi yawa."

Ta dube ni kamar yadda ake duban baƙon da ya ci dambunka ya koma bayan abokin faɗanka. "Malam Auwalu," ta ce, "ni ban yi lakwal a Kano ba, ban shiga makarantarku ba. Amma a kasuwa, kafin in yarda da mai awo, sai na juya tiyarsa na ga gindinta. Wannan ma'aunin naku, wa ya auna shi?"

Isufu ya ce, "Bawana, gaya mata an gwada da ma'auni a kashe, nauyin bai canza ba."

Wannan maganar ce ta tsaya mini a rai. In an kashe ma'auni ai dole a ji bambanci, ko yaya ne. Na sa aka kunna lissafin da ma'aunin a kashe, na zauna kusa da akwatin kwamfutar. Fitilar faifan da kwamfutar ke ajiye bayanai a kai tana ta ƙyaftawa ba hutu, faifan yana ƙara ƙur-ƙur kamar ɓera a cikin rufi. Lissafi ne fa kawai, me ya haɗa shi da rubutu a faifai haka?

Akwai wata tsohuwar dabara da na koya a wurin aikina na farko, ta marasa kayan aiki. Ba ka tambayar ma'auni komai. Kana barin manhaja ta yi ta gudu, sai ka dakatar da ita ba zato ka leƙa ka ga me take yi, ka sake ta, ka sake dakatarwa. Inda ka fi kama ta, nan lokacinka ke tafiya. Sharaɗin kawai kada kai ka zaɓi lokacin tsayarwar, don hannu yana da son kai. Na faɗa musu haka, Hadiza ta ce wannan mai sauƙi ne, ta buɗe taga. Ofishin a bakin titi yake, kuma direban tasi a Yamai ba ya wuce ɗan Adam a tsaye bai danna masa hon ba. "Duk sa'ad da aka yi hon, ka tsai da shi."

Haka muka zauna, manyan mutane uku, kunnuwa a taga. Mai gadi ya ɗora mana shayi a bakin ƙofa, irin nasu na ɗan ƙaramin buta da ake sha zagaye-zagaye. Tasi ta yi hon, na danna, muka leƙa: tafinta yana cikin ƙugiya, yana jiran faifai. Na sake shi. Wata ta yi, na danna: cikin ƙugiya, yana jiran faifai. Jakin wani mai amalanke ya yi kuka, Hadiza ta ce shi ma a lissafa da shi, na danna: cikin ƙugiya. Muka yi ta yi har dariya ta fara kama ni. Ko sau ɗaya ba mu kama shi yana aikin rabon hatsi ba.

"Ba shi yiwuwa," in ji Isufu. "Na kashe ta! Wallahi na kashe ta!"

Ya ture ni ya buɗe cikin tafintan, yana bi da yatsa. Na ga yatsan ya tsaya. Makunnin da yake kashewa, rahoton ƙarshe kaɗai yake hanawa fitowa. Ƙugiyar tana nan daram a ƙofar kowane kira, a kunne ko a kashe. Kuma abin da take yi ya fi duban agogo. Ashe can baya an taɓa ɗauke wuta yana tsakiyar awo, duk abin da ya tara ya tafi, ya ji haushi ya rantse ba za a sake yi masa haka ba. Sai ya sa ƙugiyar ta riƙa rubuta kowane awo a faifai nan take, kuma kada ta saki sai faifan ya tabbatar ya karɓa. Tsoron ɗauke wuta ne ya sa ya nauyaya abin har wuta take riskarsa kullum. Sannan da yake an riga an duba agogon shiga kafin a yi rubutun, duk jiran nan a kan fankshin ɗin da aka kira ake ɗora shi. Wanda aka fi kira shi ya fi ɗaukar laifi, kuma na Hadiza aka fi kira.

Isufu ya dafe kai da hannu biyu. Na so in tsokane shi, domin dama irin wannan ba kullum Bakano ke samu ba, amma da na ga idonsa sai na fasa.

Gyaran bai kai a sha ruwa ba. Muka sa tambaya ɗaya a ƙofar kira: akwai ƙugiya a rataye? In babu, a wuce kai tsaye. In akwai, ta tara awonta a ƙwaƙwalwa, sai an gama a rubuta gaba ɗaya, kuma ta cire lokacin da ita kanta ta ci. Isufu ya miƙa hannu zai kunna curarren abin nan nasa, sai Hadiza ta ce a dakata. Ta kwance bakin mayafinta, ta fito da ɗan filashi, wanda su ke kira kile. Aikinta ne na asali, yadda ta rubuta shi kafin a rushe, ta ɗaure shi a nan tun ranar. Ta jona da kanta.

Mai gadi ya miƙo zagaye na biyu na shayi. Ban kai ga kurɓa ba allon ya tsaya, ga sakamako ƙauye bayan ƙauye har ƙasa. Muka dubi juna, muka dubi fankar sama, tana ta juyawa abinta. Ba mu yarda ba muka sake, ya sake ƙarewa. Na yi kabbara da ƙarfi har mai gadi ya leƙo da buta a hannu. Madam ta fito daga ofishinta tana tambayar lafiya, ta ga allon, ta zauna a kan kujerar da ta samu. Ban taɓa jin daɗin aiki kamar na ranar ba. Da aka ɗauke wutar, tafi muka yi mata.

Ranar Alhamis da safe muka taru a wurin lodi kusa da Katako. Manyan motoci a jere, 'yan dako suna ɗaukar buhuna suna waƙa, direbobi suna karɓar takardar inda kowa zai nufa. Madam ta tara ma'aikata ta fara godiya ga baƙo daga Kano wanda, a cewarta, ya zo ya gyara kurakuran da aka samu a ƙa'idodin rabo. Ashe har lokacin abin da aka gaya mata tun farko ne a kanta. Na buɗe baki, sai Isufu ya riƙe mini hannu ya matsa gaba. Ya yi magana da Faransanci, a tsaye ƙyam. Ban ji duka ba, amma na ga Madam ta juya ta dubi Hadiza.

Hadiza ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Direbobi ba su ji ba."

A karo na farko tun zuwana, da shi take magana kai tsaye. Isufu ya maimaita da Zabarmancinsa na Badamagare, direbobi suna gyara masa suna dariya.

"Baƙonmu fa?" in ji ta.

Ya juyo ya dube ni, sannan ya dube ta. "Aikin Hadiza lafiyarsa lau tun ranar da ta rubuta shi," ya ce da Hausa. "Ƙugiyata ce. Na yarda da ma'auni, ban yarda da ita ba."

'Yan dako suka ci gaba da jefa buhu a mota. Hadiza ta ja mayafinta ta goge ido, ta karɓi takardar motar farko daga hannun Madam, ta duba sunan ƙauyen, ta miƙa wa direba.

"Wannan na makiyaya ne," ta ce masa. "Ka yi sauri, suna jira."